An cire wa yaro yanar ido amma har yanzu ba ya gani sosai da idon, me ke faruwa a ƙwaƙwalwa?

"Assalamu alaikum Dakta. Ɗana an haife shi da yana a idon hagu, ba mu ankara da wuri ba sai da ya shekara 1 da 'yan watanni aka yi masa aiki. Yanzu shekararsa 3. Likita ya ce idon kansa lafiya lau yake, amma yaron ba ya gani da shi yadda ya kamata, wai ƙwaƙwalwarsa ce ba ta koyi gani da shi ba, ya ce mu riƙa rufe masa mai lafiyar da filasta kullum. Ni abin ya ɗaure min kai wallahi. Ta yaya hasken da ke shiga ido zai canza abin da ke cikin ƙwaƙwalwa? Me yake faruwa a can ciki takamaimai? Kuma rufe mai lafiyar ba zai lalata shi ba?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya ya raya miki shi. In na fahimce ki, kina so ki san ta wace hanya abin da jariri yake kallo yake zama sinadari a cikin kansa har ya canza yadda jijiyoyi suka haɗu, sannan ko filastar nan magani ce ko wata matsalar za ta janyo. Ni aikina bincike ne a ɗakin gwaje-gwaje kan ɓangaren gani na ƙwaƙwalwa, ba a asibiti nake duba yara ba, don haka zan baje miki yadda abin yake aiki, amma maganar awa nawa za a rufe da yaushe za a daina, wannan ta likitan da ya leƙa cikin idon ce.

Ido shi kaɗai ba ya gani. Aikinsa ya tattara haske ya jefa shi kan wani tantani a can bayansa da ake kira retina, ita kuma ta mayar da shi ɗan motsin lantarki, ya bi jijiyar gani ya yada zango a wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa, daga nan ya wuce ɓangaren gani da ke wajen ƙeya. A nan ne saƙon idon dama da na hagu suke fara haɗuwa a kan ƙwayar jijiya ɗaya, kuma a nan rigimar take. Ƙwayoyin jijiya ba manne suke da juna ba, akwai 'yar mitsitsiyar mahaɗa tsakaninsu inda ɗaya take fesa sinadari ɗayar ta karɓa. Jariri yana zuwa duniya da zanen hanyoyin nan sama-sama, domin tun yana ciki, kafin ya taɓa ganin haske, retina ɗinsa da kanta take tayar da igiyoyin lantarki suna ratsa ta, su suke taimakawa a ware hanyar kowane ido. Amma gyaran ƙarshe sai da gani. Wani mai bincike, Peter Huttenlocher, ya ƙirga mahaɗun nan a ɓangaren gani na mutum, ya samu sun fi yawa a wajen wata 8 da haihuwa, daga nan ake ta rage su har kusan kashi 40 cikin 100 su tafi zuwa shekara 11. Wato da rara ake gina su, sannan a zaɓi na ajiyewa, kuma abin da yaro yake gani shi ne mai zaɓen.

Gwajin 'ya'yan kyanwa

A 1963 David Hubel da Torsten Wiesel a Jami'ar Harvard suka ɗinke fatar ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa tun suna jarirai, bayan wata 2 zuwa 3 suka buɗe, sai suka auna ƙwayoyin ɓangaren gani ɗaya bayan ɗaya. A kyanwa mai lafiya kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin suna amsa wa ido biyun duka. A waɗannan kuwa, cikin ƙwayoyi 84 da suka auna ɗaya tak ce ta amsa wa idon da aka rufe, alhali idon kansa garau yake, daidai da maganar likitanku kenan. Babbar kyanwa kuma ko an rufe mata ido na tsawon watanni ba a ganin wannan ɓarnar. Daga baya suka nuna cewa a mako na 4 zuwa na 5 abin ya fi tsanani, rufewar kwana 3 ko 4 ma ta isa, kuma zuwa ƙarshen wata na 3 ya lafa sosai. Wannan aikin yana cikin abin da ya ba su kyautar Nobel a 1981.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne da suka rufe idanun duka biyu, sai ɓarnar ba ta ninka ba yadda kowa zai zata, ƙwayoyi da yawa suka ci gaba da amsa wa ido biyun duk da ba lafiyayyar amsa ba ce. Kin ga ashe ba rashin amfani kaɗai ke kashe hanyar ido ba, gasa ce, ido ɗaya ne yake ƙwace filin ɗan'uwansa. Ki riƙe wannan, don duk hikimar filasta a kansa ta tsaya.

Yadda mahaɗa take gane wa za ta saurara

To yanzu mu shiga can ciki. Sinadarin da ake fesawa a yawancin mahaɗun nan sunansa gulutamet, kuma a ɓangaren mai karɓa akwai ƙofofi iri biyu da yake buɗewa. Ta farko AMPA, ita ce mai kai saƙon yau da kullum, yawanta a mahaɗa shi ne ƙarfin mahaɗar. Ta biyu NMDA, ita kuma tana da wani hali, a toshe take da ɗan ƙwayar maginiziyam, ko gulutamet ya zo ya zauna a kanta ba abin da zai wuce sai in a daidai wannan lokacin ita ƙwayar mai karɓa ta riga ta ɗau caji, sannan toshin ya fita. A 1984 aka gano wannan toshin. Ma'anarsa ƙofar ba ta buɗewa sai mai aikawa da mai karɓa sun motsa tare, in kuwa ta buɗe abin da ke kwararowa ciki shi ne kalsiyam.

Kalsiyam ɗin nan shi ne saƙo na gaskiya, kuma yadda ya shigo ne ake karantawa. In ya shigo da yawa lokaci guda, sai ya kunna wani furotin mai suna CaMKII, shi kuma ya sa a ƙaro ƙofofin AMPA a mahaɗar, ta yi ƙarfi, ɗan tsiron da take zaune a kai ma ya kumbura. In kuwa kaɗan-kaɗan yake tsiyayowa na dogon lokaci, to wasu furotin ne daban suke farkawa, irin su kalsinurin, su kuma aikinsu akasin haka, a janye ƙofofin AMPA a haɗiye su ciki, mahaɗar ta raunana. Sinadari ɗaya, hukunci biyu.

Sai ki auna da idon ɗanki kafin a yi aikin. Yanar ido ba ta hana haske shiga gaba ɗaya, siffa take gogewa, ba gefe ba layi ba fuska, sai wani fari-fari kawai. Retina kuma ba ta yin shiru, tana ta aika motsi barkatai marar tsari, kamar shuuu ɗin rediyon da bai kama tasha ba. Shi idon dama yana aika hoto tsaf, dubban jijiyoyinsa suna motsawa tare, su ke tuƙa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, saboda haka duk lokacin da ƙwaya ta ɗau caji saƙon dama yana wurin, kalsiyam mai yawa, a ƙara masa ƙarfi. Saƙon hagu kuwa yana zuwa ba a kan lokaci ba, kalsiyam ɗan kaɗan, a rage masa. Akwai gwajin da ya tabbatar da haka da ni dai har yau yana burge ni, a 1999 a ɗakin binciken Mark Bear aka kwatanta rufe fatar ido da kashe motsin idon ƙurmus da allurar wata guba mai tsayar da jijiya na ɗan lokaci, sai aka ga idon da aka yi wa shiru gaba ɗaya bai yi asarar da wanda aka rufe wa fata ya yi ba. Hayaniyar ce ke jawo hukuncin, ba shirun ba.

Kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. A ɓeran gwaji awa 24 da rufe ido an riga an ga ƙofofin AMPA sun ragu a ɓangaren da ke karɓa daga idon. A cikin kwana 3 amsar idon da aka rufe ta faɗi, zuwa kwana 7 kuma amsar buɗaɗɗen ta ƙaru, kuma wannan mataki na biyun da nasa sinadaran daban, ciki har da TNF-alfa, wanda da a garkuwar jiki da kumburi aka san shi. Daga nan sai canjin ya tashi daga sinadari ya koma gini, wasu furotin masu yanka irin su tPA su sassauta abin da ke riƙe da mahaɗun, tsirrai su zube, rassan jijiyoyin idon da aka rufe su tsuke, a kyanwa cikin mako guda ma an gani, ƙwayoyin shara na ƙwaƙwalwa da ake kira mikrogiliya su ma suna da hannu wajen kwashe mahaɗun da suka raunana.

Har cikin ƙwayoyin gado

Saƙon kalsiyam ba ya tsayawa a mahaɗa, yana bin sarƙar furotin, ERK da CREB na cikinsu, har cibiyar ƙwayar inda ƙwayoyin gado suke, ya kunna waɗansu cikin mintuna. Sunayen waɗanda ake kunnawar c-Fos, Arc, Npas4, sai BDNF, mai raya jijiyoyi, da ke biyo baya. Wannan ni da idona nake gani a wurin aiki. Mukan ajiye ɓeraye a ɗaki mai duhu ƙirin na 'yan kwanaki, har bakin ƙofa sai an liƙe saboda ɗan hasken da ke ratsowa ta ƙasa ya isa ya ɓata gwajin, sannan a kunna wa rabinsu fitila na awa ɗaya, rabi a bar su. In aka yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri aka rina ta da abin da ke kama c-Fos aka sa a madubin ƙara girma, ta waɗanda suka zauna a duhu ɓangaren ganinta fayau yake, ɗigo ɗaya nan ɗaya can, ta waɗanda suka ga fitila kuwa cike take da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo cibiyar ƙwaya ɗaya ce da ta kunna, kuma in ka matsa gefe zuwa inda ɓangaren gani ya ƙare sai ka ga ɗigon ya tsinke. Awa ɗaya kacal fa.

Kowanne da aikinsa. Arc yana komawa mahaɗa ya taimaka wajen janye AMPA, ɓeran da ba shi da Arc in aka rufe masa ido faɗuwar nan ta kwana 3 ba ta faruwa yadda aka saba. Npas4 yana tsara yawan mahaɗun birki, wato masu rage wa ƙwaya motsi, da za a ɗora mata. Ita kanta ƙofar NMDA gani yana canza mata kayan haɗi, ta jarirai tana da ɓangaren GluN2B mai daɗewa a buɗe, da an fara gani sai a riƙa musanya shi da GluN2A mai saurin rufewa. Ɓeran da aka raina a duhu yana makalewa da na jarirai, amma awa 1 zuwa 2 na haske ya isa a ga GluN2A ya fara hawa. Wato gani har ma'aunin da za a yi masa hukunci da shi gobe yake gyarawa.

Me ke buɗe lokacin, me ke rufe shi

Wannan lokacin na ƙuruciya da gani yake iya sake wa ƙwaƙwalwa wayoyi, da an ɗauka shekaru ne kawai, yaro ƙwaƙwalwarsa ɗanya ce shi kenan. Ba haka ba ne, lokacin nan buɗe shi ake yi. A ɓera ido yana buɗewa wajen kwana 12 zuwa 14, amma gasar idanun ba ta kankama sai wajen kwana 19, ta kai ƙololuwa wajen 28, ta lafa bayan 32. Abin da ake jira shi ne wasu ƙwayoyin birki masu fesa sinadarin GABA su ƙosa, musamman masu ɗauke da furotin ɗin fabalbumin, domin sai da birki mai kaifi ƙwaƙwalwa take iya bambance saƙon da ya zo kan lokaci da wanda ya makara da 'yan ɗigon daƙiƙa. Takao Hensch ya nuna haka a 1998, ɓerayen da GABA ɗinsu ya yi ƙaranci ko an rufe musu ido gasar ba ta tashi, da aka ba su maganin diyazefam wanda ke ƙara ƙarfin GABA sai ta tashi. Me ke nunar da ƙwayoyin birkin? Gani ne dai, ta hanyar BDNF da wani furotin Otx2 da suke tsotsa daga waje. Ɓeran da aka sa ya yi BDNF da yawa tun da wuri lokacinsa yana buɗewa da wuri ya rufe da wuri, wanda aka raina a duhu ƙirin kuma nasa yana jinkiri.

Kar wannan na ƙarshen ya ruɗe ki. Yanar ido ba duhu ba ce, kuma ɗanki idonsa na dama yana gani tun ranar farko, don haka agogonsa ya ci gaba da tafiya, lokacin ya buɗe a kan kari, gasar kuma aka yi ta da ido ɗaya a ɗaure.

Rufewar lokacin kuma wani birkin daban ake ɗorawa da gangan. Wata raga ta sukari da furotin tana naɗe ƙwayoyin fabalbumin ɗin, in muka rina ta a ƙwaƙwalwar babban ɓera sai ka gan ta zagaye da ƙwayar da 'yan ramuka inda mahaɗu suka ratsa, a ta ɗan ƙarami kuwa da ƙyar ka ga alamarta. Ga kitsen da ke naɗe jijiyoyi da ke ɗauke da sinadaran hana sabon tsiro, ga furotin ɗin Lynx1 da ke rage tasirin asetilkolin, wani sinadarin saƙo na jijiyoyi, ga PirB da aka aro daga garkuwar jiki. Ni a ganina wannan ba aibi ba ne, ƙwaƙwalwar da duk ciwon ido na mako guda zai sake mata wayoyi ba za ta amfani kowa ba.

To filastar fa?

Aikin da aka yi masa ya gyara hoton, amma bai sake raba filin ba. In aka bar idanun biyu a buɗe, na dama ne zai ci gaba da tuƙa ƙwayoyin, na hagu ko da hotonsa ya yi kyau mahaɗunsa sun yi rauni da yawa, ba sa iya ɗaga ƙwaya su kaɗai bare toshin maginiziyam ya fita a ba su lada. Da an rufe na dama sai ya zama saƙon hagu ne kaɗai mai tsari da ke shigowa, ƙwayoyin su fara bin sa, kalsiyam ya fara shiga a mahaɗunsa, duk sarƙar da na lissafa ta juya ta yi masa aiki. Kuma ƙwaƙwalwar mutum ma tana amsawa da sauri, a 1999 Daphne Maurer da Terri Lewis a Kanada sun auna jarirai da aka cire wa yana aka sa musu gilashin da ake liƙawa a ido, bayan awa ɗaya kacal da fara gani kaifin ganinsu ya ƙaru.

Sharaɗi ɗaya da iyaye suke yawan sakaci da shi, hoton dole ya zama tsaf. Idon da aka cire wa yana ya rasa madubinsa na asali, ko an dasa masa na roba yawanci sai an cika da tabarau, kuma lambar tana canzawa yadda idon ke girma. Filasta a kan dama alhali hagu ba tabarau daidai, hayaniyar dai ake ƙara aika wa ƙwaƙwalwa. A lokacin rufewar kuma ya samu abin da zai kalla da kyau, zane, tsintar ƙananan abubuwa, wasan da hannu da ido suke aiki tare, kuma ki lura da leƙe ta gefen hanci, yara gwanaye ne a nan. Zai yi kuka ya yi ta cirewa a farkon, ba rashin ji ba ne, an rufe masa wanda yake gani da shi ne.

Za ki iya cin karo da binciken Amurka na 2003 da ya nuna rufewar awa 2 a rana ta yi daidai da ta awa 6. Gaskiya ne, amma a yara masu matsakaicin rauni daga karkacewar ido ko bambancin tabarau aka yi shi, ba masu yanar haihuwa ba. Irin na ɗanki shi ne mafi tauri, sau da yawa akan kai rabin lokacin da yaro yake a farke. Shi ya sa ma likitoci suke son cire yanar ido ɗaya a cikin mako 6 na farko. Ba zan ɓoye miki ba, wanda aka cire bayan shekara da wuya ya kamo ɗan'uwansa, kuma ganin zurfi na ido biyu, wanda ke fara bayyana tsakanin wata 3 zuwa 5, galibi ba ya dawowa sosai. Amma shekara 3 da sauran dama, ƙofar lokacin nan a mutum a hankali take rufuwa har wajen shekara 7 zuwa 8 ko fiye, kuma duk layin da ya ƙaru a allon gwaji riba ce, don shi ne idon ajiyarsa in wani abu ya sami na dama.

Tsoronki kuma yana kan hanya. Dokar gasar ba ta san dama ko hagu ba, in aka wuce gona da iri a ƙaramin yaro idon da ake rufewa ma yana iya raunana. Yawanci yana dawowa in an gano da wuri aka rage awannin, shi ya sa a kowace ziyara ake auna idanun biyu, kuma shi ya sa ba a ƙara awa ko ragewa a gida da ka. A ziyarar ne kuma ake duba hawan jinin ido, wanda kan biyo bayan aikin yana na yara ko da shekaru sun shuɗe.

Nasan wani zai ce tunda an san birkin me zai hana a cire shi da magani. A dabbobi an yi. A 2002 a Pisa ta Italiya an narkar da ragar nan a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye gasar ta dawo, a 2008 maganin damuwa fuluwoksetin ya yi irin haka, zaman kwana 10 a duhu ƙirin ma ya farfaɗo da gani a ɓera da kyanwa. Sai dai kusan duk sarƙar sinadaran da na ba ki daga ɓera da kyanwa da biri aka samo ta, ba a yanka ƙwaƙwalwar yaro a rina, kuma ɓera lokacinsa na makonni ne, ganinsa dishi-dishi, idanunsa a gefe, namu na shekaru ne. Da aka zo kan mutane sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba, babban gwajin wani magani mai suna lebodofa tare da filasta a yara 'yan shekara 7 zuwa 12 da aka fitar a 2015 bai nuna wani ƙarin amfani ba. Don haka ba diyazefam, ba maganin damuwa, ba kulle yaro a ɗaki mai duhu. In filastar ta gagara ƙiri-ƙiri ko fatarsa ta fara ƙuraje, ki koma ki gaya wa likitan da wuri kar ki jira ranar da ya ba ku, akwai wasu nau'in filasta da dabarun da zai iya gwadawa, kuma shi zai faɗa miki ko ɗigon atrofin da ake sa wa mai lafiyar don ya dushe zai yi aiki a irin nasa.